An Auna Jini, Saura Zuciya: Jinjina Da Tuni Daga Ɗambatta

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Ɗambatta kafin shekarar 2000 ya san yadda labarin cutar ƙanjamau yake ƙarewa a wancan zamani. Matashi zai tafi cin rani Kurmi da ƙarfinsa, bayan 'yan shekaru a dawo da shi kwance a bayan mota, ya rame, ga tari, ga gudawar da ba ta jin magani. A shigar da shi ɗakin ƙurya, wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce shawara ce, a yi ta jiƙe-jiƙe har rai ya yi halinsa. Kafin a kai ko'ina matarsa ta bi shi, wani lokaci har da na goye. Ba a kiran sunan ciwon a wurin zaman makoki, amma kowa zai tashi da abin da ya gano.

A yau mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV yana haɗiyar magani ƙwaya ɗaya a rana, ya saɓi fartanyarsa ya tafi gona, ya yi noman rani a bakin madatsar ruwa ta Tomas, ya aurar da 'ya'yansa, ya ga jikoki. Wannan sauyi mutane ne suka tsaya a kansa da ikon Allah, kuma yabon gwani ya zama dole.

A 1986 Najeriya ta ba da rahoton samun mai cutar na farko, aka kuma ɓata shekaru ana gardama, wasu na cewa ƙirƙirar Turawa ce don a rage mana haihuwa. Sai a 2002 gwamnatin tarayya ta buɗe shirin ba da maganin rage kaifin cutar a cibiyoyi 25, da niyyar ɗaukar manya 10,000 da yara 5,000, kuma a lokacin sai mutum ya ciro wani abu daga aljihunsa duk wata. Tallafin Amurka na PEPFAR ya iso a 2004, ga na asusun Global Fund, a 2006 kuma aka mayar da maganin kyauta. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana cikin waɗanda suka fara ɗaukar wannan kaya a Arewa, daga baya aikin ya gangaro manyan asibitocin ƙananan hukumomi, yadda mutumin Ajumawa ko Sansan ko Fagwalawa ba sai ya sayar da akuya ba kafin ya ga malamin asibiti. Babban binciken gida-gida na 2018, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da cutar, kimanin mutum miliyan 1.9 ke nan a ƙasar baki ɗaya. Arewa maso Yamma ta tashi da kashi 0.6, mafi ƙanƙanta a shiyyoyin ƙasar shida.

Jinjinarmu ta farko ga waɗanda ba a kiran sunansu a taron ranar ƙanjamau ta duniya na 1 ga Disamba take. Ma'aikaciyar jinyar da ta san majinyatanta da fuska amma in sun haɗu a gidan biki ta yi kamar ba ta taɓa ganin su ba, don rufin asiri. Mai ɗibar jini da ke tattalin kwalabe a cikin akwatin sanyi har su isa ɗakin gwaji a birni. Mai ajiye katuna da ke lura da wanda ranar zuwansa ta wuce. Ungozomomi, irin waɗanda makarantar koyon ungozoma ta Ɗambatta ke yayewa, da ke lallashin mai ciki ta yarda a gwada ta a wurin awo. Aikinsu ba ƙarami ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a ɗauki mataki ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iyaye mata masu cutar za su kamu, in kuwa an ɗauka adadin yana komawa ƙasa da 5. Sai kuma masu ɗauke da cutar kansu, 'yan ƙungiyar NEPWHAN da aka kafa a 1998, da matan da suka haifi 'ya'ya lafiyayyu suka dawo suna riƙe hannun sabbin shiga, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Hukumar yaƙi da cutar ta Jihar Kano da takwararta ta ƙasa, NACA, su ma sun yi abin a yaba.

Akwai wasu kuma da suka cancanci jinjina ta musamman, su ne manazartan da suka ga cewa takardar sakamakon jini ba ta ba da labarin mutum gaba ɗayansa. Farfesa Zubairu Iliyasu na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa sun shafe shekaru suna zama da majinyata a Kano suna tambayar abin da da ba a tambaya: me ke hana mutum shan magani a kan ƙa'ida, wa ya sanar wa, yana son ƙara haihuwa ko a'a, mace nawa ta sha duka ko kora bayan ta faɗa wa mijinta. A 2009 Farfesa Abdulrazaq Habib da tawagarsa sun wallafa bincike kan shan magani a watan Ramalana, suka gano masu azumi suna gyara lokutan shansu zuwa sahur da buɗa-baki ba tare da sun yi sakaci fiye da marasa azumi ba. Tambaya ce da ba za ta faɗo wa mai bincike a London ba, sai wanda ya san mutanensa. Likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin Malam Aminu Kano sun yi nazarin ciwon damuwa a tsakanin masu zuwa karɓar magani. Wata Ba'amurkiya mai nazarin al'adu, Kathryn Rhine, ta zauna da mata masu cutar a Kano, ta fitar da littafi a 2016 kan yadda suke riƙon sirri da yadda ƙungiyoyin taimakon juna suka zama wurin neman abokin zama. Waɗannan su suka share fagen.

Mai karatu zai iya cewa, tunda magani yana aiki, mene ne na bin diddigin abin da ke cikin ran mutum? Amsar tana cikin yadda maganin yake aiki. Ba ya kashe ƙwayar cutar gaba ɗaya, danne ta yake yi, kuma sai an sha kullum har ƙarshen rayuwa. Wanda ya riƙe shi da kyau, ƙwayar za ta ragu a jininsa har na'ura ta kasa ganin ta, kuma manyan bincike sun tabbatar wanda ya kai wannan matsayi ya dawwama a kai ba ya saka wa iyalinsa ta hanyar auratayya. Wanda yake sha yana bari kuwa, ƙwayar za ta samu sararin hayayyafa, ta canza kama, ta bijire wa maganin, sai an koma wani mai tsada da wahalar sha. To, me ke sa mutum ya bar maganin da aka ba shi kyauta? Sau da yawa ba mantuwa ba ce. Wani yana ɓoye kwalbar ne a rufin ɗaki don kada kishiya ko uwar miji ta gani, ranar da aka yi baƙi sai shan ya wuce. Wata kuwa zuciyarta ce ta mutu, ba ta ga abin da za ta rayu dominsa ba. Nazarin da ya tattara bincike da dama a 2001 ya nuna masu cutar sun kusa ninka sauran mutane wajen kamuwa da ciwon damuwa mai tsanani, wani kuma a 2011 ya nuna duk inda damuwa ta yi yawa, riƙon magani yana raguwa.

Hukumar UNAIDS ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa wa duniya mizani uku: kashi 95 na masu cutar su san suna da ita, kashi 95 na waɗannan su hau magani, kashi 95 na masu shan magani ƙwayar ta kwanta a jininsu. Duk ukun a jini da rajista ake karanta su. Shi ya sa tun a 2016 Jeffrey Lazarus da wasu masana suka yi kira a ƙara mizani na huɗu, wato a duba ko wanda ƙwayar ta kwanta a jininsa yana jin daɗin rayuwarsa. Likitoci ma sun ga misali da idonsu. Maganin efavirenz da aka daɗe ana bayarwa yana sa wasu jiri da munanan mafarkai da dagulewar tunani, kuma da yawa a karkara sun ɗauka iska ce ta taɓa su. Da ba a saurari koken majinyata an ƙididdige shi ba, da ba a san girman matsalar ba. Tun daga 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita haɗin da ke da dolutegravir, wanda shi ake bai wa yawancin mutane yanzu.

Yaya ake auna abin da ba a gani? Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a wurinmu an horar da fuska da kunya da haƙuri tun tana ƙarama. Ma'aikaciya za ta ce, "Baba, yaya ƙarfin jiki?" Shi kuma ya ce, "Alhamdu lillahi 'yata, da sauƙi," ko da ya yi sati bai runtsa ba. Saboda haka masana suka tsara takardun tambayoyi da ake yi wa kowa iri ɗaya, a ba kowace amsa maki. Wadda ta fi yaɗuwa wajen gano ciwon damuwa ita ce PHQ-9, tambayoyi 9 kan makonni biyun da suka wuce: barci, cin abinci, kasala, rashin sha'awar komai, ganin kai ba a bakin komai ba, har zuwa tunanin gara mutuwa. Kowace amsa tana ɗaukar maki 0 zuwa 3 gwargwadon yawan kwanakin da abin ya dami mutum, jimla 27, kuma daga 10 zuwa sama ake ganin akwai buƙatar a duba shi sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tata mai tambayoyi 31 ta musamman ga masu HIV, wadda ke duba fannoni shida: jiki, tunani, dogaro da kai, zamantakewa, muhalli, da imani. Akwai ma'aunin tsangwama na Berger mai tambayoyi 40. Akwai kuma binciken tsangwama da aka fara a duniya a 2008, wanda masu cutar da kansu ne ke yi wa 'yan uwansu tambayoyin, kuma NEPWHAN ta jagoranci irinsa a Najeriya.

In an tara amsoshin ɗaruruwan mutane, sai masu lissafi su duba wane abu ne ke tafiya da wane. Abubuwan da suka fi fitowa a ƙasashe daban-daban sanannu ne. Ƙyamar da mutum ke yi wa kansa, wadda sau da yawa ta fi ta mutane cin rai. Samun ko da mutum ɗaya da ya san sirrin kuma bai guje shi ba. Yardar da mutum ya yi wa kansa cewa zai iya riƙe maganin. Inda yake gudu in abin ya ishe shi, ko wurin aboki da sallar dare, ko wurin ƙwaya da kayan maye. Sai abin sakawa a bakin salati, domin talauci da damuwa 'yan gida ɗaya ne. Amfanin wannan lissafi shi ne ya nuna wa mai tsara aiki inda zai sa ɗan kuɗin da ke hannunsa.

A nan ne jinjina take komawa tuni. Yawancin abin da aka auna, a manyan asibitocin birni aka auna shi, kuma Ɗambatta ba birni ba ce. Ƙasa ce mai cunkoson ƙauyuka, gona na jingine da gona, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 200,000, kuma kusan kowa ya san kakan kowa. A birni mutum zai hau adaidaita ya ɓace cikin jama'a. A nan ɗan acaɓan da zai kai ka asibiti ƙanin matarka ne, mai shara a harabar maƙwabcinka ne, kuma in an gan ka a layin wata ƙofa ranar kaza, labari ya riga ka isa gida. Ƙarancin masu cutar a yankinmu abin godiya ne, amma yana da nasa nauyin: wanda ya kamu yana jin shi kaɗai ne a duniya. Shi ya sa wasu suke gwammace su ƙetare asibitin da ke kusa su tafi Kano ko Kazaure, su biya kuɗin motar da ba su da shi don su sayi sirri. Irin wannan mutum sunansa yana rajistar wani gari, damuwarsa kuma ba ta shiga lissafin kowa.

Sannan binciken da aka yi a bakin ƙofar likita muryar wanda ya zo kawai yake ji. Wanda damuwa ta kayar har ya daina zuwa, da matar da mijinta ya hana fita, da bazawarar da ta koma gidan iyayenta a Goron Maje ko Kore ba ta sanar da kowa ba, su ne suka fi buƙatar a ji su, kuma su ne takarda ba ta isa gare su. Duk sakamakon da aka samu ta haka zai fi gaskiyar lamarin kyau.

Ma'aunin kansa ma sai an gwada shi. Duk wadda ta saba awon hatsi ta san tiyar wannan kasuwa ba lallai ta zo daidai da ta waccan ba, kuma mai hankali yakan gwada kwano kafin ya biya kuɗi. A Amurka aka ƙera PHQ-9, sanannen gwajin da aka yi mata a Najeriya a 2006 kuma a tsakanin ɗaliban jami'a aka yi shi a Kudu maso Yamma. Tsakanin ɗalibin jami'a da manomiyar Gwarabjawa da ba ta yi boko ba akwai tafiya. Fassara kaɗai ba ta wadatarwa. Ƙa'idar aikin ita ce wani ya juya tambayoyin zuwa Hausa, wani da bai ga na asali ba ya mayar da su, a kwatanta. A zauna da mutanen ƙauye a karanta musu, a ce su faɗi abin da suka fahimta da bakinsu. A maimaita wa mutum ɗaya bayan 'yan kwanaki a ga ko amsarsa ta tsaya. A ƙarshe a gwada makin da hukuncin ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa, a ga a wane adadi ne ya dace a ja layi a wurinmu. Mutanen Zimbabwe sun wuce nan ma: a shekarun 1990 Vikram Patel da abokan aikinsa sun tattara yadda masu jin harshen Shona ke bayyana damuwarsu, suka gina ma'auni mai tambayoyi 14 daga bakin mutanen. Babu abin da zai hana Jami'ar Bayero yin irin wannan da Hausa.

Wanda ya san karkara zai hango wasu ramukan tun daga nesa. Kasala da rashin cin abinci da rashin barci alamun damuwa ne, amma kuma alamun tarin fuka ne, da zazzaɓin cizon sauro, da ƙarancin jini, da yunwa tsagwaronta. Wanda aka tambaya a watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, amsarsa ba za ta zama ɗaya da ta lokacin kaka ba, don haka tambaya sau ɗaya ba ta isa a yanke hukunci, sai an bi mutum shekara ta zagayo. Ta haka ne ma za a gane wanne ya haifi wanne, damuwa ce ta sa ya bar magani ko barin maganin ne ya jefa shi a damuwa. Tambayar imani kuma, in aka ce wa mutumin Ɗambatta yaya muhimmancin addini a rayuwarsa, kowa maki na ƙoli zai ɗauka, ba a koyi komai ba. Abin da ya kamata a rarrabe shi ne wanda ya ɗauki ciwon jarrabawa ce, ya yi tawakkali ya riƙe magani, da wanda ya ɗauka azaba ce aka saukar masa, ya yanke ƙauna. Dukansu a sahu ɗaya suke salla, amma abin da ke ransu ya yi hannun riga. Tambayar tunanin mutuwa ta fi kowacce wuya, domin addini ya haramta kashe kai, kundin hukunta laifuka na Arewa kuma ya daɗe yana ɗaukar yunƙurinsa laifi. Ba mai amsa ta da gaskiya sai a keɓe, a gaban wanda ya yarda da shi, mace a gaban mace, ba miji a tsaye a bakin ƙofa.

Babban nauyin kuwa shi ne abin da zai biyo bayan tambayar. Wanda ya sa mutum ya buɗe cikinsa, ya rubuta maki 18, ya rufe fayil ya koma birni ya wallafa maƙala, ya ci bashin da bai biya ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200, asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau kuma mutane suna jin tsoron a ce an gan su a can fiye da tsoron ciwon da ke damun su. Amma an riga an nuna hanya. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP na koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gano damuwa da kula da ita, kuma Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya gwada shi a ƙananan asibitocin Najeriya. A Harare, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da mutane a kan benci a harabar asibiti suna warware matsala ɗaya bayan ɗaya, gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna aikin yana ci, kuma da yawa daga waɗanda aka taimaka masu HIV ne. A arewacin Uganda, a gundumomin Gulu da Kitgum da Pader, Etheldreda Nakimuli-Mpungu ta tara masu cutar ƙungiya-ƙungiya, maza daban mata daban, ƙarƙashin ma'aikatan sa-kai, ana haɗa tattaunawa da koyon sana'a, sakamakon 2020 kuma ya nuna damuwa ta ragu ƙwarai. Ƙauyawa ne manoma kamar namu. Muna da ungozomomin gargajiya, da malaman Islamiyya mata, da dattawan da ake kai wa ƙara tun kafin a san asibiti.

Lokaci ma ya matsa. A watan Mayu na 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da na HIV da ciwon hanta da rukunin jini na sikila. Niyya ce mai kyau, amma ma'anarta ita ce samari da 'yan mata da zawarawa da yawa za su ji sakamakonsu ana saura kwanaki ɗaurin aure, an kai lefe, an raba goro. In aka fasa, gari zai tambayi dalili. Duk wurin da ake wannan gwaji ya kamata a samu wanda zai zauna da mutum a wannan sa'a, ya kuma neme shi bayan sati biyu. Ga kuma darasin Janairun 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, hankalin masu shan magani ya tashi a duk faɗin Afirka. Gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen magani, kuma ta kyauta. Sai dai a duk lokacin da kuɗi ya tsuke, masu ba da shawara da masu bibiya ake fara sallama, alhali su ne kunnen asibiti.

Don haka ga tuninmu. Ga manazarta: ku fito daga birni, ku zo Ɗambatta da Makoɗa da Kunci, ku nemi waɗanda suka daina zuwa ta hannun 'yan uwansu masu cutar, ba da mota mai tambari a ƙofar gida ba. Ku ɗauki masu cutar aikin yin tambayoyin, ku biya su, in kun gama ku dawo ku faɗa musu abin da kuka gano da Hausa. Ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano: a sa 'yan tambayoyin damuwa a cikin abin da ake yi duk ranar karɓar magani, musamman ga sabon shiga, da mai ciki, da wanda awon ƙwayar cutar a jininsa ya haura 1,000, a kuma tanadi wanda za a tura mutum wurinsa a cikin asibitin kafin a fara tambayar. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, da dokar hana nuna wa masu HIV bambanci ta 2014, duk suna nan a takarda suna jiran a sa musu kuɗi a kasafi.

Allah gafarta malamai, huɗuba ɗaya da za ta bayyana cewa jariri yana kamuwa, matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana kamuwa, kuma neman magani ba ya karo da tawakkali, za ta sauke wa wani a cikin sahu nauyin da likita ba zai iya saukewa ba. Iyayen ƙasa, ranku ya daɗe, daga gidan Sarkin Bai har zuwa dagatai da masu unguwanni, in an kori mace daga ɗakinta ko an hana maraya gadonsa saboda wannan ciwo, gabanku maganar take fara zuwa, kuma yadda kuka yanke haka gari zai ɗauka. Mu kuma sauran jama'a, yawancin makin da ake rubutawa a waɗancan takardu daga bakinmu yake fitowa, a majalisa da gidan suna da bakin rijiya.

Waɗanda suka kawo mu inda muke sun yi aikin da ya fi wannan wuya, a lokacin da ba magani, ba kuɗi, mutane na gudun gawa. Abin da ya rage bai fi ƙarfinsu ba: ma'auni da aka gwada a kan mutanenmu, ɗaki mai ƙofa da za a yi tambaya a ciki, ma'aikaci da aka horar kuma ake biyan sa daga asusun jiha. Allah ya saka musu da alheri, ya ba su ikon ƙarasawa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya da kwanciyar hankali.